Gayyar Mai Gyaran Teburin Sunuka

Kai da kake kumbure-kumbure don an taɓa maka aiki, gyara zama ka ji. A wani gari an yi wani mai gyaran teburin sunuka, wasan tura ƙwallaye rami da sanda, irin masu ɗame koren ƙyallen nan har ƙwallo ya gudu a kai ba gargada. Maigidan da ya koya masa sana'ar tsohon gwanin wasan ne. A zamaninsa in ya duƙa da sanda, ko tari ba mai yi. Yanzu ido ya tafi, samarin da ke buga wasan ko sunansa ba su sani ba, abin kuwa yana ci wa mai gyaran nan tuwo a ƙwarya. Sai ya shiga kundin ilimin nan na intanet da kowa ke iya rubutu a ciki, ya buɗe shafi da sunan tsohon, ya zuba masa kirari: ba kamarsa gabas da yamma, ba a yi ba, ba za a yi ba. Masu kula da kundin suka liƙa sanarwa cewa babu hujja, in ba a kawo ba za a goge shafin. Ran maza ya ɓaci. Ya riga ya gaya wa tsohon cewa sunansa ya shiga inda ba ya gogewa. Da wane baki zai koma masa?

Da ya rasa tudun dafawa, sai ya yi abin da kakanni ke yi in gona ta fi ƙarfin mai ita: ya kira gayya. Ya bi gidajen sunuka da ƙafarsa, ya sa aka dama fura, jama'a suka kewaye tebur kowa da wayarsa, ya raba musu aiki kamar yadda ake raba kunyoyin gona. Wata ma'aikaciyar laburare ta tono tsofaffin jaridun da suka buga labarin gasar da tsohon ya lashe. Mai hoton bakin kasuwa ya kawo hotonsa rungume da kofi. 'Yan wasa suka ce ai shafi ɗaya ba zai tsaya shi kaɗai ba, suka hau rubuta ƙa'idojin wasan da tarihin zuwansa garin. To, nan fa ake yin ta! Matar laburaren ta cire "ba kamarsa gabas da yamma", ta ce jarida ba ta faɗa ba. Wani ya gyara shekara, wani ya sake farkon shafin ɗungurungum. Kafin a watse, ko jimla ɗaya ta mai gayyar ba ta tsira ba. Wallahi ya ji zafi, har ya ɗauki waya zai mayar da kalmominsa. Sai idonsa ya sauka kan farin ƙwallo a tsakiyar tebur. Shi ke tura kowane ƙwallo rami, amma ran da ya ce shi ma sai ya shiga, ran nan mai sanda ya yi asara. Mutumin ya aje wayar, ya tashi ya ƙara wa mutane fura.

Aka cire sanarwar, shafi ya zauna daram. Mai gyaran ya je ya durƙusa gaban tsohon ya karanta masa. Babu kirari ko ɗaya, sai shekara, da gari, da sunan gwanin da ya kayar, da jaridar da ta shaida. Tsohon ya ce, "Duk kai ka rubuta wannan?" Ya ce, "A'a Baba, gari ne ya rubuta." Bai taɓa faɗin wata magana da alfahari irin wannan ba. Tsohon ya miƙo hannu ya lalubi wayar, ya shafa fuskarta a hankali yadda yake shafa ƙyallen tebur in ɗamewa ta yi. Ka ji dalilin da ya sa Hausawa suka ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.