Goma Bisa Goma

Da gindin bindiga suka fasa wa Baba baki. Ya zube, jini na bin gemunsa, yana rantsuwa babu komai a gidan.

Shugaban ɓarayin, fuskarsa a rufe, ya zaro takarda ya ɗora rula a kai. "Kowane santimita mita guda ne. Mita biyu daga taga, ku fasa bangon."

A ramin nan Baba ke ɓoye gwal ɗin Umma.

Na leƙa takardar. Zanen gidanmu ne da na auna na kai wa malaminmu na lissafi a matsayin aikin gida, har da ramin. Ga jan bironsa: goma bisa goma.

Ya ɗago kai. "Koma ki zauna," ya ce, yadda yake ce mana a aji.