Sunan da Ke Saman Takarda

Haƙori na uku ya fara girgiɗi, kuma mai busa begila ba ya aiki da dasashi. Emil Brandau ya san fareti ɗaya ya rage masa kafin a sallame shi daga badujalar barikin Ulm, a ƙasar Jamus.

Shekara ashirin da biyu yana busa a ruwa da ƙanƙara, ya raka jana'iza, ya tarbi janar. Duk wannan bai ci masa rai kamar abu ɗaya ba. Kiɗan maci arba'in ya ɗauko daga gidansa ya kawo bariki, kowanne kuwa aka buga shi da sunan Kuhnert, shugaban badujala. Haka al'adar take, na ƙasa ya kawo, na sama ya sa hannu. Abin yana masa ciwo, ya kuma gaji da haɗiyewa.

Ranar Litinin ya ajiye na arba'in da ɗaya a teburin Kuhnert, ya ƙame.

"Ranka ya daɗe, wannan kam da sunana za a buga."

Kuhnert ya bi layukan da yatsa yana kaɗa ƙafa. "Kai Brandau, tsufa ya sa maka baki! To, ƙarshen ya yi tsawo. Ga alƙalami, rage shi."

"Sai dai in kai gida, yallaɓai. A nan kaina ba ya ja."

"Kullum gida! Mutumin da ko fito da baki bai iya ba, amma ya shiga ɗaki sai ya fito da zinariya. Je ka, na ba ka wannan. Ai nawa sun ishe ni."

Washegari ya dawo da shi a gyare.

Ranar fareti aka yi yayyafi tun safe. Emil ya busa, bakinsa na ɗanɗanon jini, sojoji na taka ƙasa a kan kiɗan. Da aka tashi, kanar da kansa ya miƙo masa hannu. Bai ji daɗin da ya yi zato ba, sai dai ciwon gwiwa.

Da azahar ya isa gida. Matarsa Hedwig tana gaban murhu, ko filin ba ta samu zuwa ba saboda wanki. Ya shimfiɗa mata takardar kiɗan a tebur.

"Duba nan, uwargida. Emil Brandau, baƙi da baƙi! Wallahi ba ki san zafin a ci gumin mutum shekara da shekaru ba, ko ambatonsa ba a yi."

"Haka ne, maigida," in ji ta. "Cire takalmin, ka jiƙa min ɗaki."

Ta goge hannu, ta daɗe tana kallon sunan mijinta a saman kiɗa na arba'in da ɗaya da ta tsara, sannan ta juya ta sauke dankali.