Wuƙar Mai Rake

Saura kaɗan a tashi wasa, Kabo na cin Gwarzo ɗaya, amma malamin wasanni na makarantar Gwarzo ya ƙi sako gwaninsa. Yaron na kan benci, takalmi a ɗaure, ido jajur. Laifinsa ɗaya: ya tsallake jarrabawar gwaji ya tafi buga ƙwallo.

"A sako shi! A sako shi!"

Ledojin ruwa suka fara sauka a bayan malamin. Mutumin Filato ne, Kirista, a shekarar da ko'ina zancen shari'a ake yi. Ya san yadda ƙaramar hayaniya ke rikiɗewa.

Sai taro ya dare. Mai rake ne ya taho yana ɗingishi, wuƙar fira a hannunsa. Uban yaron ne. 'Yan Hisba suka yunƙuro, amma sun yi nisa.

"Malam, kai ka hana ɗana shiga?"

"Ni ne, Baba. Sai ya koma aji."

Mai raken ya juya wuƙar, ya durƙusa gaban ɗansa, ya tsinke igiyoyin takalmin. Sannan ya naɗe ƙafar wandonsa, ga gwiwa a karkace, duk tabon ɗinki.

"Ƙafar nan ta ci Kabo uku a filin nan," ya ce wa yaron. "A kafaɗa aka kai ni gida. Tashi ka tambayi masu ihun nan, wa ya san sunana? Mai rake suke ce mini."