Gidan Iya Delu Mai Daddawa

Tun da aka sa wa ƙofofin garin nan hanci, asirin mashaya ya tonu. Kana tsallakawa, ƙofa za ta shinshina ka, in ta ji giya ta kwarmata sunanka. Tanimu tela ya daina shiga masallaci da kasuwa, amma ya kasa daina sha.

Ran Laraba wani abokin shansa na dā ya raɗa masa, "Masu son bari suna haɗuwa a gidan Iya Delu. Bi warin daddawa."

Tanimu ya bar ɗinki ya fita, har yana tuntuɓe don ɗoki. Ya runtse ido ya tsallaka ƙofar gidan. Ƙofar ta yi tari, ta yi shiru.

Iya Delu ta tuntsire da dariya. "Shigo, ɗana! Daddawata ta kashe mata hanci. A nan da bakinka za ka faɗi sunanka."

Mutanen da ke kan tabarma suka matsa masa.

"Sunana Tanimu," ya ce. "Ko jiya na sha."

"Maraba, Tanimu!" suka amsa baki ɗaya.

Ya manta sunan nan yana da daɗi.