Ranar da Aka Kawo wa Baba Ƙwallo Har Zaure

Ranar da aka karrama tsofaffin 'yan ƙwallon Gashuwa, babana, tsohon golansu, yana kwance a zaure, ɓarin jikinsa ya shanye. Ina ƙarama lokacin, ina yi masa fifita. Ya ce, "Uwata, sun manta da ni ko?"

Bayan la'asar sai ga abokan wasansa da lambar yabonsa, da ƙwallo a hannu. Oga Sunday mai shagon kayan babur ya ce, "Gola, wadda aka zura maka a Nguru har yau ban yafe ba. Kama wannan!"

Ya jefo a hankali. Baba ya cafke da hannu ɗaya, ya manna a ƙirji, yana dariya har da hawaye.

Har gobe ina sa mutanen nan cikin addu'ata.