Sharar da Ake Jefowa ta Katanga

Share hawayen nan ki zauna, 'yar nan, in ba ki misali. Wata mata ce mijinta ya rasu. Da aka raba gado, ita da 'ya'yanta suka tashi da ɗan fili a bayan gida, faƙo, ƙasa mai taurin da ko ƙaya ba ta tsirowa. Maƙwabcinta yana son filin ya ƙara ɗakuna. Ya aiko a taya, ta ce ba na sayarwa ba ne. Ya sake aikowa, ta ce amsar jiya ba ta tsufa ba. Sai ya sa mutanen gidansa suka riƙa jefo mata sharar kicin ta katanga: ɓawon doya, ɓawon albasa, ruɓaɓɓen tumatur, 'ya'yan kabewa, ɓawon ƙwai, har tokar murhu. A lissafinsa ɗoyi da ƙuda za su gajiyar da ita ta sallama filin da kanta. Dangi suka ce ta kai ƙara wurin mai unguwa, wasu suka ce ta kwashe ta mayar masa. Ba ta yi ko ɗaya ba. Fartanya ta ɗauka ta haƙa rami a gindin katangar, daidai inda sharar ke faɗowa. Ta tsince leda ta ware. Sauran ta zuba, ta bi da busasshen ganye da toka, ta yayyafa ruwan wankin shinkafa, ta rufe da ƙasa. In an kwana biyu ta juya. Su jefo, ta binne. Su ƙara, ta haƙa wani ramin.

Kafin damina abin ya ruɓe ya koma baƙar ƙasa mai laushi, ba wari, sai ƙamshi kamar na ruwan farko. Ta shimfiɗa shi a kan faƙon. Ruwa na sauka, rama da kuɓewa da alayyafo suka tashi a wurin da aka ce ba ya haihuwa. Tumatur kuwa ba ita ta shuka ba, daga sharar ya fito. Kabewa ma haka, ta yi yaɗo ta hau katanga, ta sauke ɗa a tsakar gidan maƙwabcin. Ranar ya gane wa yake yi wa aiki, ya hana jefo shara. Sai ga matar a ƙofar gidansa da kwanon kuɓewa, ta gaishe shi, ta ce, "Malam, kwana biyu ban ga saƙo ba. Lafiya dai ko? Ga tukuicin saƙon baya."

Filin yana hannunta har yau. Ke ma abin da ake jefo miki, kada ki mayar, kada ki gudu. Haƙa rami. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, hassada ga mai rabo taki ce.