Abin da Mai Aski Ya Faɗa a Gidan Kallo

Ka ce musun ƙwallo wasa ne, ba ya kashe kowa. To, gyara zama ka ji. A wani gari an yi wani mai aski da wani mai walda, aminai tun suna samari, shagunansu na kallon juna, kwano ɗaya suke sa hannu da rana. Abu guda ya raba su, shi ma don daɗin hira: ƙwallon kwando. Mai aski yana bayan masu jajayen riguna, mai walda yana bayan masu farare, ƙungiyoyi biyu na wata ƙasa mai nisa da ko sunan garin nan ba su taɓa ji ba. Mai walda ya san wasan ciki da bai, domin ɗansa na fari dogo ne kamar giginya, gwanin jefa ƙwallo a kwando, kuma a shekarun baya ya bi ta sahara da nufin tsallaka teku, ya je inda ake biyan 'yan wasa. Tun daga Agadas ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Duk gari, har da uwar da ta haife shi, an ɗauka guduwa ya yi ba da sanin kowa ba. Mai aski kaɗai ya san gaskiya. Wata rana yana gyara wa amininsa gemu sai ya ga hawaye na gangarowa cikin kumfar sabulu, mai walda ya shaida masa cewa shi da kansa ya sayar da filinsa a ɓoye, ya raka ɗan nasa har tasha, ya ce masa kada ya waiwayo. Mai aski ya share masa fuska, ya rantse maganar ta mutu a nan.

Ana nan sai ƙungiyoyin biyu suka haɗu a wasannin ƙarshe na ɗaukar kofi, inda ake karawa har sau bakwai, wanda ya riga cin huɗu shi ne zakara. Jajaye suka ci uku a jere. Mai aski baki har kunne. Ya rataya jan ƙyalle a ƙofar shago, duk kan da ya zo aski sai ya sha sharhi kyauta: mai horar da farare bai san lokacin canji ba, dogonsu turken wutar lantarki ne kawai, alƙalin wasa ma tausayinsu yake ji. Mai walda sai dai ya yi murmushi, ya mayar da baƙin gilashinsa ido, ya ci gaba da aiki. Sai reshe ya juye da mujiya. Farare suka ci ɗaya, suka ƙara. Ranar wasa na shida gidan kallo ya cika maƙil tun la'asar, farare suka cike tazarar da aka ba su, suka jefa ta ƙarshe daidai da busar tashi. Aka kaure da ihu, aka yi wa mai aski ca. Wani ya ruga shagonsa ya ciro jan ƙyallen nan ya ɗaura masa a ka kamar ɗankwali. Mai walda, wanda ya daɗe bai yi dariya irin ta ranar ba, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Aboki, ka tsaya ga almakashinka, ka bar ƙwallo ga waɗanda suka san ta." Jama'a suka sake fashewa. Mai aski ya ji kunnuwansa sun ɗau zafi, ya dubi haƙoran da ake bangale masa ta kowane gefe, bakinsa ya riga hankalinsa. Ya ce, "Ai sanin nan naka ne ya sa ka sayar da fili, ka kai ɗanka tasha da hannunka, sahara ta cinye shi." Mai walda ya janye hannunsa a hankali, ya nemi takalmansa, ya fita.

Kafin a kira magariba maganar ta riga shi isa gida. Uwar yaron, wadda ta shekara da shekaru tana tuhumar kanta da rashin sa ido a kan ɗanta, ba ta yi kururuwa ba. Ta tambayi mijinta sau ɗaya, ya sunkuyar da kai, ta ƙulle kayanta ta tafi gidan yayanta. Aka yi biko har aka gaji. A wasa na bakwai jajaye suka ɗauki kofi, 'yan wasan suka rungume juna a cikin talabijin, suka tafi cin moriyarsu. Mai aski kuwa yana zaune cikin duhun shago. Daga baya ya ɗebi dattawan unguwa, ya je ya durƙusa gaban amininsa yana kuka. Mai walda ya dube shi da busassun idanu ya ce, "Na yafe maka don Allah. Amma ka je ka ce wa matata ba ta ji ba." Bai daɗe ba ya kwashe ƙarafansa ya bar garin, aka ce ya rame har ba a gane shi. Mutane ba su daina zuwa aski ba, sai dai duk wanda ya hau kujerar nan yakan kame bakinsa har a gama, ya biya, ya tashi. Haka mai aski ya tsufa, ga kawuna a hannunsa kullum, babu mai ce masa komai bayan sallama.

Shi ya sa Hausawa suka ce: magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.